Kurakuran da aka fi yi wajen renon ƙananan yara da kula da malamansu

Kuskuren da ya fi yawa a gidajenmu da makarantun nazare shi ne gaggawa. Yaro ɗan shekara uku, wanda ko maɓallin rigarsa bai iya ɓallawa ba, an damƙa masa fensir an ce ya rubuta 1 zuwa 100, an kuma haɗo shi da jinga shafi biyu. Da daddare uwa ta riƙe hannunsa tana ja, shi yana gyangyaɗi, gobe Anti ta sa jan biro ta ba da maki. Kowa ya san hannun da ya yi rubutun, an dai rufa wa juna asiri. Masu makarantu kuwa suna da hujjarsu: iyaye ne ke tambayar "me ya koyo?", kuma in ba a ga littafi cike da rubutu ba, zango mai zuwa an cire yaro an kai shi makarantar da ke gaba.

Yatsun ɗan shekara uku ba su yi ƙwarin wannan aiki ba. Abin da ke ƙarfafa su shi ne abin da muke hana shi: tuwon ƙasa, gina tukunyar laka, zane da yatsa a rairayi, yaga takarda, zura duwatsu a zare, ɓare gyaɗa tare da kakarsa. Lissafi ma haka. Yaro na iya rera ɗaya zuwa hamsin bai san mene ne biyar ba. A zube masa marafen kwalba, a ce "miƙo mini biyar". In ya ɗebo cikin hannu ya miƙo, to waƙa ya haddace. Gyaran mai sauƙi ne: ya ƙirga abin da yake taɓawa, cokula a kan tabarma, awaki a garke, takalma a ƙofar ɗaki, har ya gane cewa lambar ƙarshe da ya faɗa ita ce yawan abin.

Na biyu ya fi na farko ɓoyuwa, domin ba a ɗauke shi kuskure ba: rashin yi wa yaro magana. Ana ciyar da shi, ana yi masa wanka, ana goya shi, amma hira da shi sai a ce "me ya sani?" Idan ya fara tambaya kuma, amsar ita ce "ka cika surutu". A wasu gidajen kunyar ɗan fari tana ƙara nisa tsakanin uwa da yaron, ko da yake a da kaka da goggo suna cike wannan giɓi. Yanzu da ma'aurata da yawa ke zaune su kaɗai a gidan haya, babu mai cike shi.

Akwai binciken da ya kamata kowane uba ya ji. A shekarun 1986 da 1987, a birnin Kingston na ƙasar Jamaika, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta sun ɗauki yara 'yan ƙasa da shekara biyu ko daidai nan, waɗanda ƙarancin abinci ya tsumburar da su. Wasu daga ciki, ma'aikaciyar lafiya takan ziyarci gidansu sau ɗaya a mako har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan kimanin shekara 20 aka sake bibiyar su, aka tarar waɗanda aka ziyarta suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na takwarorinsu da kusan kashi 25 cikin ɗari. Ba a kai musu na'ura ko littafi mai tsada ba. Mu kuwa muna da kayan aikin a hannu. "Ga ta nan, ga ta nanku" da Gizo da Ƙoƙi, kacici-kacici irin "ƙulin ƙulifita", waƙoƙin gaɗa, duk makaranta ce ta harshe. Sirrin shi ne a bar yaro ya mayar da amsa. A tsaya a tsakiyar tatsuniya a tambaye shi, "To, kai a ganinka me Gizo zai yi?" A jira shi, ko da zai yi in'ina. Uwa tana tuƙa tuwo ma tana iya faɗa masa abin da take yi.

Daga nan sai batun harshe, wanda ya fi zafi a birane. Wasu makarantu suna cin tarar yaro in ya yi Hausa, wasu iyaye kuma suna alfahari da cewa ɗansu "ba ya jin Hausa". Sau da yawa Turancin da ake yi masa bai wuce umarni uku ba: zo, zauna, yi shiru. Sai ya tashi ba Hausar kirki, ba Turancin kirki. Tsakanin 1970 da 1978, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwaji a Ile-Ife inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma a matsayin darasi, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. Shawarata a nan ba ta da kwana: kowa ya yi wa ɗansa harshen da ya fi iya zuba zance da shi. Turanci ko Faransanci zai zo, kuma ya fi zama daram a kan harshen da ya riga ya kafu.

Waya ta zama 'yar raino. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2019, ta ce kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara biyu gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Ta kuma ce ɗan shekara uku zuwa huɗu yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13. A lissafa wannan da jadawalin yaron da ke boko da safe, Islamiyya da yamma, malamin lesin bayan magariba. A bar masa barcin rana, a kuma tabbatar ya karya kumallo. Mai jin yunwa ba ya karatu.

Bulala da "na ɗaya, na biyu" a ajin nazare, su ma a ajiye su. Masu duka suna kafa hujja da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, alhali mai tanƙwara icce a hankali yake bi don kada ya karye. Yaron da aka daka saboda ya yi fitsari a wando, abin da ya koya shi ne tsoron makaranta. A gefe guda kuma akwai sakaci: yaro ya cika shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba, ana kiran sa ba ya waiwayowa, sai a ce "babansa ma haka ya yi". A kai shi asibiti a duba kunnensa, musamman in ya taɓa yin sanƙarau ko ƙyanda, ko kunnensa na zubar da ruwa.

Duk waɗannan suna komawa hannun mutum ɗaya, malamar aji, kuma a kanta muka fi yin kuskure. A makarantu da yawa, wadda ba ta da horo ita ake turawa ajin ƙanana, da sunan "ai wasa ne kawai". Gwanar kuwa, da an ga ƙoƙarinta sai a yi mata "ƙarin girma" zuwa aji shida. Dokar ilimin bai-ɗaya ta Najeriya ta 2004, wadda ta kafa hukumar UBEC mai kula da ilimin tushe, ta sa renon ƙananan yara cikin ilimin tushe, kwalejojin ilimi suna da sashen da ke ba da takardar shaidar malanta ta NCE a wannan fanni, kuma manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi yara 25 ga malami ɗaya a nazare. Duk wanda ya taɓa leƙa ajin share fage ya ga mace ɗaya a tsakiyar yara cunkus, wannan na kuka, wancan na neman bayan gida, ya san nisan takarda da aji. Albashin kuma, a makarantu masu zaman kansu da yawa, bai ko kusanci mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka kafa a 2024 ba, wasu ma ba a biyan su a watannin hutu. Shi ya sa ba sa daɗewa, yaro kuma da ya saba da fuska ɗaya sai ya ga wata.

Mai makaranta ba lallai ya iya ninka albashi a yau ba, amma zai iya biya a kan lokaci, har da hutu. Zai iya ɗauko mataimakiya, ya ware awa ɗaya a mako malamai su zauna su koya wa juna waƙa da wasa, ya kuma daina auna malama da yawan shafukan da yara suka cika. In da hali, a bar malama ta bi ɗalibanta shekara biyu a jere.

Iyaye su ma da nasu. Uban da ba a ganin sa sai ranar da ɗansa ya dawo da ƙurjewa a gwiwa, ya zo yana ɗaga murya gaban yara, ya zubar da mutuncin wadda zai bar wa ɗansa gobe da safe. Ƙorafi a kai shi a keɓe. A riƙa shaida mata abin da ke faruwa a gida, an yi haihuwa, an yi rasuwa, yaro ya kwana da zazzaɓi, don ta san dalilin rigimarsa. Tambayar bakin ƙofa ma a sauya ta. Maimakon "Malama, na nawa ya zo?", a ce "Malama, da wa yake wasa? Yana yin tambaya? Me kika ga yana so, mu ci gaba da shi a gida?"