Yadda za a tsara dokar ejan na banki da kuɗin waya

In hukuma za ta tsara harkar ejan da kuɗin waya a ƙasashe masu tasowa, ta fara da kuɗin jama'a, kar a bari kamfani ya cakuɗa su da nasa, a ajiye su daban a asusun amana a banki kamar yadda aka yi wa M-Pesa, tsarin kuɗin waya na Kenya, ko kamfanin ya durƙushe mutane su samu haƙƙinsu. Sai ejan, duk ɓarnar da ya yi wanda ya ɗauke shi ne zai biya, wannan kam wallahi kar a sassauta. Ƙaramin asusu a rage takardun da ake nema wajen buɗe shi amma a ƙayyade kuɗin da zai riƙe. Caji kuma a manna shi a fili, mutum ya gani kafin ya miƙa kati, a ba shi rasit nan take.