Gwajin Sabon Magani a Amurka: Kurakuran Inshora da Ke Jefa 'Yan Uwanmu Cikin Bashi

Na gaji da jin labari iri ɗaya daga mutanenmu da ke zaune a Amurka. Likita ya ce akwai gwajin sabon maganin ciwon daji da ya dace da mara lafiya, a sa hannu da murna, bayan 'yan watanni takardun neman kuɗi su fara cika akwatin wasiƙa. Sai a bugo mini waya: "Ai an ce doka ta tilasta wa inshora ta biya." Gaskiya ne ta tilasta, amma ba komai da komai ba.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne zaton gwajin magani kyauta ne. Aljihu uku ke biya. Mai ɗaukar nauyin binciken, kamfanin magani ne ko NIH, cibiyar binciken lafiya ta gwamnati, galibi shi ke ba da sabon maganin da duk awon da ake yi don tattara bayanai kawai. Inshorarku kuma ta biya kulawar da dama za a yi muku ko ba ku shiga gwajin ba: ganin likita, awon jini, ɗaukar hoto, kwanciya asibiti. Wannan ne dokar inshorar lafiya ta Obamacare ta wajabta daga Janairun 2014, ta kuma hana kamfanin inshora ya kore ku ko ya nuna muku bambanci saboda kun shiga gwaji. Aljihu na uku naku ne. Kuɗin da kuke fara biya kowace shekara kafin inshora ta sa hannu yana nan, kasonku na kowace ziyara yana nan, kuɗin mota da masauki kuwa doka ba ta ce uffan a kansu ba.

Rigimar tana tsakanin aljihu na farko da na biyu, kuma a nan ta ci gidanmu. Yayata tana cikin gwaji, ana yi mata hoton CT akai-akai. Inshora ta ce hoton ya fi yawan da ake yi wa mai irin cutarta, don haka na bincike ne. Masu binciken suka ce a'a, na kulawa ne. Baiwar Allah tana fama da amai da zubewar gashi, ga ta zaune kan tabarma da tulin ambulan tana jera su wata-wata. Kuɗin adashin da muka tara don wata buƙata dabam, a can ya tafi. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Tun daga nan ba na barin nawa ya sa hannu sai jami'in da ke kula da gwajin ya ba mu jadawali a rubuce, kowane awo da sunan mai biyansa a gefe. Da jan biro nake bi layi-layi. Inda babu suna, ba mu tashi daga kujera ba sai an rubuta.

Kuskure na biyu, zaton dokar ta shafi kowace inshora da kowane gwaji. Ta shafi gwajin ciwon daji ko wata cuta mai barazana ga rai, mataki na 1 zuwa na 4, wanda gwamnatin tarayya ta amince da shi ko ta ba shi kuɗi, ko yake ƙarƙashin izinin FDA, hukumar kula da abinci da magunguna. Tsofaffin tsare-tsaren inshora da suke nan tun kafin 23 ga Maris 2010 ba a sauya su ba, an keɓe su. Inshorar gajeren zango ma haka. Wadda ake saya wa Baba ko Inna in sun zo ziyara daga Kano ko Yamai, ita ma ba ta cikin lissafi. Sannan in asibitin da ake gwajin ba ya cikin jerin da inshorarku ta ƙulla yarjejeniya da su, dokar ba ta tilasta a biya ba, sai in dama tsarinku na biyan asibitocin waje. Ku kira lambar da ke bayan katinku, ku karɓi sunan wanda ya amsa da lambar kiran, ku ce a turo amsar a rubuce.

Haba jama'a, takardar amincewa fa? Mu da muka san abin da gwajin maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau ya jawo a Kano a 1996, mu ne za mu sa hannu a abin da ba mu karanta ba don kunyar likita? A ciki ake faɗin ƙarin kuɗin da zai iya hawa kanku, da wanda zai biya in maganin ya yi muku illa, kuma dokar Amurka ba ta wajabta wa masu bincike biyan diyya ba. Ku tafi da ita gida. Ku nemi tafinta, asibiti ne zai kawo, ba sisinku. Ku daina sa yaro ɗan sakandare yana fassara wa uwarsa maganar rai da mutuwa.

Masu Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, ku bar sauraron tsohon zance: tun Janairun 2022 kowace jiha dole ta biya kuɗin kulawa a gwajin da ya cancanta. Medicare, inshorar gwamnati ta tsofaffi, na yin haka tun 2000, amma mai Medicare Advantage, wato Medicare ta hannun kamfani mai zaman kansa, ya sanar da kamfanin kafin ya fara. Kada ku sauya aiki ko inshora ana tsakiyar gwaji ba ku bincika sabuwar ba.

In an ƙi biya, kada ku zaro katin banki nan take. Kuna da kwana 180 na ɗaukaka ƙara a cikin kamfanin, in lamarin na gaggawa ne dole su amsa cikin awa 72, in sun sake ƙi kuma akwai masu duba ƙara na waje waɗanda hukuncinsu ya hau kan kamfanin. Ni wasiƙar likitan da ke jagorantar gwajin nake fara nema, in haɗa da wancan jadawalin, in aika ta hanyar da za a ba ni shaidar an karɓa.