Kurakuran masu zuba dalmar harsashi: tukunya, mazubi da ɗigon ruwa

Duk shekara in damina ta ɗauke, sai samarin maharba a nan Tawa su fara tambayata wane mazubi, wato abin da ake zuba narkakkiyar dalma a ciki ta zama harsashi, za su saya. Babu mai tambaya a kan tukunya, alhali daga nan ɓarna take farawa.

Kada ka narka dalma a tukunyar alminiyam, irin waɗanda ake zubawa a kasuwar Katako ta Yamai. Gaskiya ne dalma na narkewa a digiri 327, alminiyam kuwa sai 660, amma wutar gawayi tana raunana gindin tukunyar tun kafin nan, ga nauyin dalma a kai. Nemi ƙaramar tukunyar ƙarfe mai kauri da ludayin ƙarfe mai doguwar ƙota. Kuma tukunyar da ta taɓa dalma ta yi ban kwana da madafa har abada. Ni sai da na sare kunnen tawa guda don kada uwargida ta ɗauka bisa kuskure. Wanda yake ganin na cika tsanani ya tuna Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ƙura mai dalma ce kawai ta shiga tsakar gida.

Sai ruwa. Wannan ne ya bar mini tabo daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Na wanke ludayi da asuba, na goge shi da tsumma, na ɗauka ya bushe. Ina tsoma shi sai na ji tas! Dalmar ta watso kamar an jefa dutse a tafki. Ɗigo ɗaya ne ya maƙale a mahaɗar ƙota, ya zama tururi a ƙarƙashin dalmar. Wata biyu ban ɗaga bindiga ba, kuma ƙanena da ke tsugune gefe Allah ne ya tsare idonsa. Tun ranar, ludayi da mazubi da guntayen dalmar duka sai sun kwanta a bakin murhu sun yi zafi kafin su shiga aiki. Har yanzu ina ganin yara suna zubi cikin silifa, gumi na ɗiga, buta a gefen murhu. Haba ƙannena! Wannan ganganci ne. Takalmi rufaffe, dogon hannu, tabarau, kuma a fili inda iska ke kwashe hayaƙi, nesa da yara.

Dalmar tsohon batirin mota ku bar wa masu ita: akwai asid da sauran guba a ciki. Guntayen dalmar da ake maƙala wa tayar mota don daidaita ta kuwa a tantance, domin wasu tutiya ne, suna sa zubi ya yi gudaji.

Mazubin da kuke ɗokinsa, kai bindigar gaban maƙeri ya auna bakinta tukuna. Harsashin da sai an danna shi da ƙarfi yana iya fasa bututu. Haka albarushin harsashin zamani, ba ya shiga bindigar toka ko kaɗan.

Takardar bindiga da ta farauta kuma su riga tukunya shiga gida. Dokar farauta ta 1998 tana nan, ma'aikatan gandun daji ma suna nan.