Masu farfaɗiya, ku bar mussa ta tuna maku da magani

Ƴan uwa, ku haɗa lokacin shan magani da lokacin ba dabbar gida abinci. Sharaɗi ɗaya ne: ba a zuba mata sai an haɗiye ƙwaya.

Ni a nan Tahoua mussa gare ni. Ana sallame Asuba take zuwa bakin ƙofa, tana kuka tana goga kai a ƙafata. Ƙararrawar waya kuna iya kashe ta ku koma barci, ko caji ya ƙare in an ɗauke wuta. Mussa mai jin yunwa kuwa ba ta da wurin kashewa. Mai tattabaru ko kaji ma zai iya gwadawa.

Magungunan farfaɗiya irin su Gardénal, Tégrétol da Dépakine duk suna aiki ne in ƙarfinsu bai sauka a jini ba. Tsallake sha yana cikin manyan abubuwan da ke dawo da faɗuwa, shi da rashin barci.

Amma dabarar tana da iyaka. In yara na jefa mata abinci da rana, ba za ta neme ku kan lokaci ba, sai ku hana su. In kun yi tafiya Yamai, ku koma ga waya. Da azumi kar ku sauya lokacin sha da kanku, ku tambayi likita.

Maganin kuma kar ya kwana kusa da kwanonta. Ku sa shi sama, cikin inuwa, inda yaro ko dabba ba sa kaiwa, musamman da zafin Afrilu.