Yadda za ka gyara hoton faifan dibidi a babbar filasma

Mutum zai tara kuɗinsa ya je kasuwar Alaba ta Legas ya ɗauko filasma inci 55, ya kawo gida ya jona tsohuwar dibidinsa, sai ya ga hoto dishi-dishi fuskokin 'yan wasa duk sun dagule, nan take ya fara cewa ai jabu aka sayar mai. Ɗan'uwa yawanci ba laifin talabijin ɗin ba ne. Hoton faifan dibidi irin namu ɗigo 720 ne a 576, ita kuma filasmar 4K tana da 3840 a 2160, dole ta ja hoton ta buɗa shi kafin ya cika fuskarta, kamar dai a ɗauki hoton fasfo a ce sai ya zama fosta. Amma akwai gyara.

Fara da waya. In har yanzu wayar nan mai kai uku kake amfani da ita, ja da fari da ruwan ɗorawa, to nan rabin matsalarka take, don ruwan ɗorawar kaɗai ke ɗauke da hoton gaba ɗaya, launi da haske duk a cakuɗe, shi ya sa za ka ga gefen rubutu na rawa ja kuma ya malale ya fita daga layin riga. Leƙa bayan dibidin, in akwai ramin HDMI, wato na wayar zamani guda ɗaya mai ɗaukar hoto da sauti tare, shikenan, sayi wayar a Alaba ko Computer Village, kuma kar wani mai shago ya ruɗe ka da mai bakin zinare, in gajera ce mai sauƙin kuɗin ma hoto ɗaya za ta ba ka. In babu HDMI nemi ramuka uku kore da shuɗi da ja, sun fi ruwan ɗorawa nesa ba kusa ba, sai dai yawancin sabbin filasma sun daina zuwa da su, to gara kawai ka canza dibidin.

Sai ka ɗau rimot ɗin dibidi ka danna Setup, inda aka rubuta TV Type ka sa 16:9, yawanci rashin sa shi haka ne ke sa mutanen cikin fim su koma gajeru masu faɗi. Resolution kuma, wato yawan ɗigon hoto, gwada 1080p sannan ka gwada 576p ka kwatanta, don in dibidin 'yar arha ce wani lokaci gara ta tura hoton yadda yake filasmar ta buɗa shi da kanta, ta fi iya aikin.

A talabijin ɗin cire shi daga Vivid ko Dynamic, wannan setin shago ne don jan ido, mayar da shi Movie ko Cinema. Da farko zai maka kamar ya dushe, yi haƙuri ido zai saba. Sharpness rage shi sosai, mutane na ƙure shi wai hoto ya fito tar, alhali farin layi kawai yake zanawa a gefen kunne da hula yana ƙara tona dattin faifan. TruMotion na LG ko Auto Motion Plus na Samsung, setin da ke sa motsin hoto ya yi santsi, kashe su. Noise Reduction, mai rage dattin hoto, bar shi a Low.

Faifan kansa fa? Waɗannan da ake tallarsu a go-sulo, fim ashirin a faifai ɗaya, wallahi babu setin da zai cece su, faifai mai gig 4.7 da aka yi don fim ɗaya aka danna wa ashirin, dole in an zo wajen gudu ko duhu hoto ya farfashe ya zama 'yan murabba'ai. Wanda ke sarƙewa kuma goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, kar ka bi zagaye. In ɗakin da fili ja kujera baya kaɗan, inci 55 da dibidi a kusa-kusa duk wani tabon hoto sai ka gan shi.