Yadda ake shirya matasa da iyayensu domin sakramentin Ƙarfafawa

Duk wanda ya taɓa riƙe ajin Ƙarfafawa a cocin Katolika ya san abin da zan faɗa: ranar da bishop ya zo coci cike maƙil, yara sun yi tsaf, iyaye na ta ɗaukar hoto da waya, to ka dawo bayan sati uku ka ƙirga nawa ne a cikin yaran nan suka zo Misa, sai jikinka ya yi sanyi. Na yi shekaru ina koyar da wannan aji, kuma abin da na gano shi ne matsalar tana farawa ne tun ranar farko, lokacin da muka bar yara da iyayensu suka ɗauka Ƙarfafawa, wato konfameshon ɗin da muke cewa, bikin sauke karatun katikisim ne. Ga yadda nake bi da abin yanzu.

Mataki na farko, kira iyaye kafin ka kira yara. Da gaske nake, kar ka buɗe aji sai ka zauna da iyaye tukuna. Wannan ba ra'ayina kaɗai ba ne, dokar Ikilisiya ta 1983 a sashe na 890 ta ɗora nauyin ne a kan iyaye da limaman coci tare, su tabbatar an koyar da yaro kuma ya zo ga sakramentin a kan kari. Amma fa kar ka tara su ka karanta musu doka, barci za su yi. Ni tambaya ɗaya nake fara yi musu, me kuke tunawa game da ranar da ku kuka karɓi naku? Sai ka ji ɗaki ya yi tsit, can wani ya ce ya tuna sunan da ya zaɓa, wata ta ce ita dai tsoron tambayar bishop ne ya hana ta barci, kusan babu mai ambaton Ruhu Mai Tsarki. Daga nan ka samu ƙofar shiga, don su da kansu sun ga inda giɓin yake.

A wannan zaman ne za ka gyara wani kuskure da ya yi katutu. Mutane da yawa suna cewa wai yaro ne ke tabbatar da baftismar da aka yi masa yana jariri, tunda yanzu ya girma ya zaɓa da kansa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki tunda zai sabunta alkawuran baftisma da bakinsa, amma mai aikin na asali Allah ne, shi ke buga wa yaron hatimi da baiwar Ruhu Mai Tsarki. Shi ya sa a ikilisiyoyin gabas jariri ma ake ba shi nan take bayan baftisma. Ka gaya musu kuma jerin asali shi ne baftisma, Ƙarfafawa, sannan Yukaris, wato karɓar Jikin Yesu, abin ya juya ne a wurare da yawa bayan Paparoma Pius na 10 ya sauko da shekarun karɓar Jikin Yesu na farko zuwa wajen bakwai a 1910. Doka a sashe na 891 ta ce a bayar lokacin da yaro ya fara hankali, sai in taron bishop-bishop na ƙasa ya tsayar da wasu shekarun daban, shi ya sa za ka ga wani dayosis, wato yankin da bishop ɗaya ke kula da shi, na bayarwa da wuri wani kuma sai yaro ya kai sakandare. Iyaye suna son jin irin wannan bayanin, yana kashe gardamar "ai ɗan ƙanwata yana da shekara takwas aka ba shi".

Na biyu takardu ne, ba zan daɗe a nan ba amma kar ka raina shi. Kowane yaro ya kawo katin baftisma tun watan farko, ka yi kwafi ka ajiye, wanda aka yi wa baftisma a wani farish, wato wani cocin daban, ya fara nema tun yanzu don wani lokacin sai an yi ta bibiya. Na taɓa samun yarinya saura kwana huɗu bishop ya zo aka gano babu wata shaidar baftismarta, uwar tana ta cewa "Malam, ni na riƙe ta da hannuna a ranar", na ce Mama na yarda da ke amma Fada sai ya ga abin da zai dogara da shi, haka muka yi ta buge-bugen waya har daren jajibiri. Tun daga lokacin fom da kati nake fara karɓa kafin darasi.

Na uku, mai tsaya wa yaro, wanda wasu ke cewa sifonsa. A nan ne rigima ta fi yawa, don iyaye kan so su ba wani babban mutum ko abokin arziki don girmamawa. Sharuɗɗan suna sashe na 874: ya cika shekara 16, ya zama ɗan Katolika wanda ya karɓi Ƙarfafawa da Yukaris, yana rayuwa daidai da bangaskiyar, babu hukuncin Ikilisiya a kansa, kuma ba uba ko uwar yaron ba. Ikilisiya ta fi so ma a ɗauko wanda ya tsaya wa yaron a baftisma, don a nuna sakramentan biyun igiya ɗaya ce. Shawarata ita ce ka bar yaron ya sa baki, ka tambaye shi wa zai iya kira in ya shiga matsala da ba ya son Baba ya fara ji, sau da yawa wannan mutumin shi ne ya dace. Kuma ka ba mai tsayawar aiki tun kafin ranar, ko da sau ɗaya a wata ne su zauna su yi hira a kan abin da aka koya a aji, in nesa yake su yi ta waya. Mai tsayawar da sai ranar bikin yaro zai fara ganinsa, ɗan rakiya ne kawai.

Yanzu sai ajin kansa, kuma a nan zan ɗan daɗe. Matashi ɗan shekara 14 ko 15 ba ya jure lakca ta awa ɗaya, in ka ga ya yi shiru yana kallonka to hankalinsa na wani wuri. Abin da doka ta nema a sashe na 889 abu uku ne, a koyar da shi yadda ya kamata, zuciyarsa ta shirya, kuma ya iya sabunta alkawuran baftismarsa. Ka ga ba a ce ya haddace littafi daga bango zuwa bango ba. Ni da Littafi Mai Tsarki nake farawa, kowa ya buɗe da hannunsa. Ayyukan Manzanni sura 2, ranar Fentikos, mutanen da suka kulle kansu a ɗaki sai ga Bitrus a tsaye yana wa taro magana. Sannan sura 8 aya 14 zuwa 17, inda mutanen Samariya suka riga suka yi baftisma amma sai da Bitrus da Yohanna suka zo daga Urushalima suka ɗora musu hannu suka karɓi Ruhu Mai Tsarki. Da ka karanta wannan ba sai ka yi dogon bayani a kan me ya sa bishop ne ke zuwa ba, yaran da kansu za su haɗa, magajin manzanni ne. Sura 19 ma akwai Bulus a Afisa yana yin haka.

Baiwa bakwai kuwa, hikima, fahimta, shawara, ƙarfin hali, sani, ibada da tsoron Ubangiji, kowa yana sa yara su haddace, amma hadda ba ta wuce sati biyu a kai. Abin da nake yi shi ne kowane sati mu ɗauki ɗaya mu nema mata gurbi a rayuwarsu. Ƙarfin hali: ana yayata hoton wata 'yar ajinku a gurup ana mata dariya, kai me za ka rubuta, ko shiru za ka yi? Shawara: abokinka ya gaya maka wani abu mai haɗari ya ce kar ka faɗa wa kowa, yaya za ka yi? A nan ne za ka ji bakinsu ya buɗe har sai ka ce lokaci ya yi. Af, ka shirya wa wannan kuma, in kuka buɗe Ishaya 11 aya 2 zuwa 3 akwai mai wayon da zai ƙirga ya ce "Malam ai shida ne a nan". Bai yi ƙarya ba, a Ibrananci tsoron Ubangiji ne ya zo sau biyu, fassarar Girkanci da ta Latin suka juya ɗaya zuwa ibada, daga can bakwai ɗin ta fito. Ka yaba masa, kar ka ce masa ya cika surutu.

Tambayoyi masu zafi za su zo, me ya sa Allah ya bar wane ya mutu, me ya sa sai na faɗa wa Fada zunubina, abokina na wata ɗarika ya ce muna bauta wa Maryamu. Ka ajiye akwati su riƙa jefa tambaya babu suna, wadda ta fi ƙarfinka ka ce za ka kawo amsa sati mai zuwa ko ka gayyato Fada, kuma ka cika alkawari. Matashi yana yafe wa malamin da ya ce bari in bincika, amma wanda ya yi masa kame-kame ya gama da shi ke nan.

Iyaye kuma kar su ɓace bayan zaman farko. Ka riƙa tura musu tambaya ɗaya tak kowane sati wadda za su yi wa yaron a gida, ba jarabawa ba, hira, kamar wace baiwa kuka yi yau, kai a ina kake ganin ka fi bukatarta. Sannan ka gaya musu gaskiya ido da ido, uban da ke sauke yaro a ƙofar coci ya juya ya tafi yana koyar da darasin da ya fi nawa ƙarfi. Wasu iyayen za ka tarar su kansu ba su karɓi Ƙarfafawar ba, ko aurensu bai daidaita a coci ba, kar ka tozarta kowa a gaban mutane, ka haɗa su da Fada a keɓe, na ga iyayen da ta dalilin ajin ɗansu suka gyara nasu.

To in yaro ya ce shi ba ya so fa? Yana faruwa. Kar a tilasta, kar kuma a yi fushi a cire shi. Na kan ce masa ya ci gaba da zuwa aji har ƙarshe sannan mu sake magana, yawanci akwai wani abu a ƙasa, ko ya yi faɗa da gida ko wani a coci ya ɓata masa rai. In har ƙarshe ya tsaya a kan a'a, a ɗaga masa zuwa wata shekara, sakramentin sau ɗaya ake karɓa a rayuwa don hatiminsa ba ya gogewa, bai kamata a ja mutum zuwa gare shi kamar akuya ba.

Batun suna, doka ba ta wajabta sabon suna ba, yaro zai iya riƙe na baftismarsa, sai dai wurare da yawa suna da al'adar zaɓen waliyyi. In za a zaɓa, ya rubuta rabin shafi a kan dalili, don na gaji da masu zaɓa saboda sunan ya yi daɗi a kunne. Ka nuna musu sa'anninsu: Kizito, ƙarami a cikin shahidan Uganda da aka kashe a 1886, Dominic Savio da ya rasu a 1857 yana ɗan shekara 14, ko Carlo Acutis da ya rasu a 2006 yana da 15, yaron kwamfuta, wannan kam nan da nan suke kama shi.

Saura sati biyu ko uku, a ware yini guda na natsuwa da addu'a, a karɓe wayoyi, a rufe da furta zunubi, don ana bukatar mutum ya karɓi sakramentin yana cikin alheri. Wasunsu rabonsu da zuwa furta zunubi tun na farko, sun manta yadda ake farawa kuma kunya ba za ta bar su su faɗa ba, don haka ka buga musu matakan a 'yar takarda, in da hali a samo wani Fada baƙo wanda bai san su ba. Iyaye da masu tsayawa su ma su shiga layi, yaro ya ga babansa a layin nan ya fi wa'azi goma.

Sai gwaji a cikin coci, tare da masu tsayawa. Tsarin da ake bi tun gyaran Paparoma Paul na 6 a 1971 shi ne bayan Bishara a gabatar da su, bishop ya yi wa'azi, su sabunta alkawuran baftisma, ya miƙa hannu a kansu ya yi addu'ar baiwa bakwai, sannan ɗaya bayan ɗaya su matso. Mai tsayawa ya ɗora hannun dama a kafaɗar yaro, a faɗi sunan, bishop ya tsoma babban yatsa a man Kirisim, man zaitun ne da aka haɗa da turaren balsam wanda shi ya keɓe a Makon Tsarki, ya zana gicciye a goshi yana cewa a buga maka hatimi da baiwar Ruhu Mai Tsarki, yaro ya ce Amin, bishop ya yi masa gaisuwar salama yaro ya amsa. Ka ɗauki ainihin kalmomin daga littafin da za a yi Misar da shi ku maimaita har su zauna, da ƙarfi, goshi a buɗe babu gashi ko hula a kai. Kuma don Allah ka kwantar musu da hankali, ɗan marin kunci da kakanninsu ke tsorata su da shi na tsohon tsari ne, an daina. Masu hoto a naɗa mutum ɗaya ko biyu, sauran su zauna.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda muka fi sakaci da shi. A shigar da sunaye a rajista, a aika sanarwa farish ɗin da aka yi wa kowane yaro baftisma don a rubuta a can, zai bukace ta ranar aure. Sannan tun kafin bishop ya zo kowane yaro ya riga ya san aikinsa a coci, ƙungiyar mawaƙa, karatu, hidimar bagade, taya koyar da ƙananan yara, ziyarar marasa lafiya, da sunan wanda zai karɓe shi a can da ranar da zai fara. Ni ina sa ranar haɗuwarmu ta gaba a jikin takardar gayyatar bikin kanta, Lahadi ta biyu bayan Ƙarfafawa, kuma wanda ban gani ba ranar Litinin mai tsaya masa nake fara kira.