Yadda na gyara ƙarin tankin mai a jirgin saman da na haɗa da hannuna

Bayan na ɗaura tanki mai cin lita 40 a bayan kujeru domin jirgin ya ƙara nisan zango, sai man ya riƙa yankewa jim kaɗan da kunna famfo. Matsalar tana bututun shigar iska, wanda bakinsa ke kallon baya, don haka iskar waje take zuƙe ta cikin tankin maimakon ta maye gurbin man da ya fita. Na juya bakin gaba, na kuma sa bawul mai hana mai komawa. Da yake litar man jirgi ta kai kusan kilo 0.72, nauyin baya ya ƙaru da kusan kilo 29, abin da bai kamata a raina ba, saboda haka na sake auna daidaiton jirgin kafin gwajin tashi.